Ka biya kuɗin na'ura, kuma ana karɓar kuɗin wata a kanta: saye ne ko haya?

Mai Gyaran Lantarki: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya kamata mu baje shi a faifai. A da in mutum ya sayi firji ko injin wanki, ciniki ya ƙare a wurin biyan kuɗi. Na'ura tasa ce, ya gyara, ya sayar, ya bayar kyauta, babu ruwan kowa. Yanzu sai a sayar maka da ƙarfen, a riƙe makullin. A watan Mayun 2020 kamfanin Wink, mai akwatin da ke sarrafa fitilu da makullan gida, ya sanar da mutanen da suka riga suka sayi akwatinsa cewa su fara biyan dala 4.99 duk wata ko kuma ya daina yi musu aiki, ya ba su wa'adin mako guda kacal, sai da aka yi ca a kansa ya ɗaga zuwa Yuli. A Yulin 2024 masu gadon jariri na Snoo, wanda kuɗinsa ya kusa dala 1,700, suka kwashe wasu ayyukan manhajarsa suka sa a bayan dala 19.99 a wata. Wata guda bayan haka Anova, mai na'urar girki, ya sa wa sababbin masu manhajarsa dala 1.99 a wata. Wannan abu yana ƙona rai. Ina so masu sani su warware mana yadda ake kulle na'urar, da yadda mai saye zai gane tarkon tun kafin ya fitar da kuɗinsa.

Injiniyan Manhaja: Wa alaikumus salam Malam. Makullin ba a jikin ƙarfen yake ba, a hanyar da umarni ke bi yake. A cikin na'urar akwai ɗan allo mai kama Wi-Fi, galibi na zangon 2.4 GHz. In ka danna "kunna" a wayarka, saƙon ba ya tafiya kai tsaye zuwa na'urar ko da tana gabanka. Sai ya fita intanet, ya isa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu, sabar ta duba asusunka ta ga ko ka biya, sannan ta turo wa na'urar umarni. To duk wanda ke zaune a tsakiyar nan, shi ne mai na'urar a aikace. Yana iya sa kuɗin shiga, yana iya cire wani aiki ta hanyar sabunta manhajar cikin na'urar da dare kana barci, yana kuma iya kashe sabar baki ɗaya. Na ƙarshen nan ya faru da Revolv: Nest, na Google, ya sayi kamfanin a 2014, ya rufe sabar a Mayun 2016, akwatin da aka sayar dala 299 ya zama ba ya kunna ko fitila ɗaya. Kamfanin Insteon ma, mai irin waɗannan kayan sarrafa gida, a Afrilun 2022 an wayi gari sabarsa a kashe babu sanarwa, da wasu suka farfaɗo da shi daga baya sai ya dawo da kuɗin rajista.

Gwajin da ke tona asirin kowace na'ura ba ya ɗaukar minti biyar. Ka bar rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gida, a kunne, Wi-Fi na aiki, ka zare wayar da ke kawo mata intanet kawai. Sai ka gwada komai: maɓallan jikin na'urar, manhajar waya, jadawalin da ka saita. Abin da ya ci gaba da aiki, shi ka saya. Abin da ya tsaya, aronsa aka ba ka. A yi wannan gwajin a kwanakin farko, kafin wa'adin mayar da kaya ya wuce.

Hajiya Mai Lissafi: Ku yi haƙuri, ni ban yarda a haɗa komai a yi masa kuɗin goro ba. Haya ta gaskiya ba zalunci ba ce. A Koriya ta Kudu kamfanin Coway ya fara bayar da hayar na'urar tace ruwa tun 1998, ma'aikatansa na zagayawa gida-gida suna canza matata. LG yana da irin wannan tsari a can na firji da injin wanki, Samsung ya buɗe nasa a Disambar 2024. A Holan akwai Bundles da ke bayar da hayar injinan Miele, akwai BlueMovement na masu Bosch. A irin wannan, ba ka biya kuɗin injin a dunƙule ba, in ya lalace su za su zo su gyara ko su canza. Ga ɗalibi, ko wanda aiki ya kai shi wani gari na shekara guda, wannan sauƙi ne.

Lissafin kuma ba shi da wuya. Raba farashin saye da kuɗin wata, za ka samu watan da haya ta fara cin ka. Mu ɗauka injin 600 ne, ko da wane irin kuɗi, haya kuma 20 a wata. Wata 30 ke nan. In wata 18 za ka yi amfani da shi, ka biya 360, ka huta da ɗawainiyar gyara da ta sayarwa. In shekara 10 za ka yi, ka biya 2,400, alhali mai saye ko an ƙara masa 200 na gyara bai wuce 800 ba, kuma a ƙarshe injin na hannunsa. Sai a duba abu uku a takardar: mafi ƙarancin watannin da aka ɗaure ka, tarar fita kafin lokaci, da ko kamfanin na da ikon ƙara kuɗin wata a tsakiyar yarjejeniya.

Barista: Hajiya ta taɓo ainihin wurin. Saye da haya kowanne yana da haƙƙinsa, kuma mutane sun san wannan tun kafin a yi lantarki. In ka saya, amfanin abu da asararsa duk sun koma kanka. In ka yi haya, abu na mai shi ne, gyaransa a wuyansa yake, kai amfanin kawai kake biya. Abin da Malam ya kawo ba ya cikin ko ɗaya. An karɓi cikakken kuɗin saye, an dawo ana karɓar kuɗin haya, kuma ranar da injin ya ƙone bayan garanti ya ƙare, kai ne za ka nemi mai gyara. Sun ɗauki ribar mai sayarwa da ribar mai haya, sun bar maka nauyin duka biyun.

Dabarar da suke bi a shari'ance ita ce raba na'urar gida biyu. Ƙarfe da roba an sayar maka, manhajar da ke ciki kuwa lasisin amfani aka ba ka, kuma a cikin doguwar takardar da ka danna "na yarda" akwai layin da ya ba su damar sauya sharuɗɗa. A Amurka kuma sashe na 1201 na dokar DMCA ta 1998 ya haramta fasa makullin manhaja, sai dai duk bayan shekara uku ana fitar da keɓewa, kuma an keɓe gyaran kayan gida.

Hajiya Mai Lissafi: A kan wannan ba mu da saɓani Barista. Abin da nake karewa shi ne haya mai sunanta haya.

Mai Firinta: To Hajiya, bari in nuna miki inda ko hayar mai sunanta take da ƙaya, domin a firinta aka fara koyon wannan sana'ar. Tsarin Instant Ink na HP shafi yake ƙirgawa, ba tawada ba. Shafin da ke ɗauke da layi ɗaya da shafin da hoto mai launi ya cika, duk ɗaya ne a lissafi. Saboda haka mai buga hotuna da yawa yana iya cin riba, wannan gaskiya ce. Amma dole firintar ta riƙa hawa intanet don ta kai rahoto, in ta daɗe ba ta hau ba sai ta tsaya. Ranar da ka soke rajista kuma, da zarar watan da ka biya ya ƙare, kwanson tawadar da ke ciki ya daina bugawa ko da a cike yake maƙil. Dole ka sayo wani. A Fabrairun 2024 suka ƙara gaba da All-In Plan, inda firintar kanta ta haya ce, daga dala 6.99 a wata da shafi 20, an ɗaure ka shekara biyu, tarar fita kuma tana iya kai dala 270 gwargwadon irin firintar. Ki lissafa: wata 24 dala 167.76 ke nan a kan shafi 480, kusan santi 35 kowane shafi, in har kin cinye rabonki duk wata. In ba ki cinye ba, shafin ya fi haka tsada. Shugaban kamfanin na lokacin, Enrique Lores, ya faɗa a fili a Janairun 2024 cewa burinsu na dogon zango shi ne mayar da buga takarda abin biyan wata-wata.

Ko wanda bai yi rajistar komai ba bai tsira ba. Tun 2016 suke da abin da suka kira Dynamic Security, wanda ke duba ɗan cif ɗin da ke jikin kwanso, in ba nasu ba ne firinta ta ƙi karɓa. Sau da yawa kwanson da ya yi aiki jiya yau a ƙi shi, saboda manhajar ta sabunta kanta.

Mafita ta danganta da yawan bugun mutum. Mai buga takardun rubutu jefi-jefi ya sayi firintar lesa ta baƙi da fari, domin hodarta ba ta bushewa ko ta yi wata shida a ajiye. Mai buga launi kullum ya sayi mai tanki, irin su EcoTank na Epson, wadda ake ɗura mata tawada daga kwalba. Sai dai mai tanki tana son a buga ko shafi ɗaya mai launi duk mako don kada bakin feshin ya toshe, kuma akwai soson da ke shanye tawadar wanke kai, yana da ma'ƙirgi, in ya cika firinta ta tsaya. A nemi samfurin da akwatin soson nan ke zarewa a canza shi da hannu. Wajen saitawa kuma, in allo ya nemi a kunna HP+, a ƙi, domin shi ne ke ɗaure firinta da tawadar kamfanin da intanet. A haɗa ta da kebul na USB in ana iyawa.

Mai Gyaran Lantarki: Allah ya saka da alheri. Irin wannan cif ɗin ya shiga firji ma. Wasu firjin GE masu ba da ruwan sanyi a ƙofa suna amfani da matata mai lamba RPWFE, wadda aka manna wa tambarin RFID a baya, wato ɗan cif ɗin da firjin ke karantawa. Ana canza ta duk wata shida, in aka sa wadda ba ta da tambarin firjin ya ƙi amincewa da ita. Ba su kira shi kuɗin rajista ba, amma biya ne sau biyu a shekara har firjin ya mutu.

Hanyar fita tana nan, kuma halal ce. Kamfanin da kansa yana da toshiyar da ake sawa a gurbin matatar, ruwa ya wuce ba tacewa. Sai a sayi matatar kan bututu ta gama-gari a ɗaura a bayan firjin. A rufe famfon da ke kawo ruwa, a danna wurin ɗiban ruwa har matsin ya sauka. Bututun siriri ne, rubu'in inci. A yanke shi a miƙe da abu mai kaifi, domin in yankan ya karkace zoben robar da ke cikin mahaɗin ba zai kama ba, sai ɗiga. A duba kibiyar da ke jikin matatar, ta fuskanci firji. A tura bututun har ya tsaya, a ɗan ja shi baya a tabbatar ya cije. A buɗe ruwa, a zubar da lita da dama na farko har baƙin ƙurar gawayi ya washe. A shimfiɗa busasshen ƙyalle a ƙasan mahaɗin, a dawo bayan awa guda a taɓa shi.

Baba Tsohon Makaniki: 'Ya'yana, abin da ke kashe injin wanki bai canza ba. Famfon fitar da ruwa da tsabar kuɗi ko maɓallin riga ya toshe, bel, burushin motar da ke juya ganga da ya cinye, makullin ƙofa, hita, sai boris. Hita ma ba sai an yi hasashe ba: a zare filogi, a cire wayoyinta biyu, a sa mita a kan ohm. Mai wat 2,000 a kan volt 230 za ta nuna kusan 26. In mita ba ta motsa ba, hitar ta tsinke. Duk waɗannan mai gyara na gari yana canza su. Abin da ya canza biyu ne. Ana narka gangar roba a haɗe ta yadda ba a buɗewa, boris ya lalace sai a ce a sayi ganga sukutum. Sannan allon lantarki, wanda wani lokaci kafasita ɗaya ce ta kumbura a kai, amma in ka sa sabon allo sai ya nemi a shigar masa da manhaja da na'urar da wakilin kamfani kaɗai ke riƙe da ita. Kuɗin wata da hana gyara uwarsu ɗaya, duka so ake ka koma wurinsu. Kafin ku sayi inji ku nemi zanen sassansa ta lambar samfurin, ku ga ko ganga biyu ce da aka ɗaure da kusoshi, ku ga ko ana sayar da boris shi kaɗai.

Barista: Baba, doka ta fara taɓa wannan a wasu wurare. A Tarayyar Turai, tun Maris 2021 dole mai ƙera injin wanki, injin wanke kwanuka da firji ya ajiye kayan gyara shekara 7 zuwa 10 gwargwadon sashen, ya kuma kawo su cikin kwanakin aiki 15. Dokarsu ta haƙƙin gyara ta 2024 ta ƙara wa garanti wata 12 in mai saye ya zaɓi gyara maimakon canji. Faransa tun Janairun 2021 take sa maki daga cikin 10 a jikin wasu kaya don nuna sauƙin gyaransu. A Amurka, jihar Kalifoniya ta wajabta kayan gyara na shekara 7 ga na'urar da ta kai dala 100, Oregon kuma ta hana ɗaure sassa da manhaja, wato sa na'ura ta ƙi sashen da aka canza mata, a kayan da aka ƙera daga 2025. Birtaniya daga Afrilun 2024 ta ce mai sayar da na'ura mai hawa intanet ya bayyana tsawon lokacin da zai riƙa toshe mata ɓarakar tsaro.

Amma da sauran rina a kaba. Waɗannan dokoki sun fi magana a kan kayan gyara, ba su hana kamfani sa kuɗi a kan aikin manhaja ba. Hukumar FTC ta Amurka, mai kare masu saye, ta duba na'urori 184 a 2024, ta tarar kusan kashi 89 cikin 100 ba su faɗa a shafinsu tsawon lokacin da za a tallafa wa manhajarsu ba. Shi ya sa ranar da ka saya, ka ɗauki hoton kwali da shafin tallan da ya lissafa ayyukan na'urar, ka ajiye tare da rasit. In an cire wani aiki daga baya, wannan ce hujjarka a gaban mai sayarwa da hukumar kare masu saye. Ƙorafi a fili kuma yana aiki: Cricut ya janye iyakar da ya so sa wa masu injin yankansa a 2021, BMW ya daina karɓar kuɗin wata a kan ɗumama kujera a 2023.

Ɗalibar Fasaha: Malamai, tambaya. Kyamarar ƙofa fa? Ai ajiye bidiyo a sabar kamfani yana cin kuɗi da gaske, ba za a ce su yi kyauta ba.

Injiniyan Manhaja: Gaskiyarki ƙanwata, kuma nan ne ya kamata a yi adalci. Ajiye bidiyo hidima ce mai ci gaba, karɓar kuɗi a kanta ba laifi. Laifin shi ne a ƙera kyamara ba ramin memori, don kada ki sami inda za ki ajiye sai wurinsu. Kyamarorin Ring, in babu rajista, za ki ga abin da ke faruwa a lokacin amma ba a naɗa miki komai. Dala 4.99 a wata, cikin shekara biyar ta kusa dala 300 a kan kyamara ɗaya.

Ki nemi kyamarar da aka rubuta ONVIF ko RTSP a bayaninta, alamar cewa tana iya tura bidiyo ga akwatin naɗa na wani kamfani, mai ramin katin memori na microSD. Ga lissafin wuri: kyamarar da ke naɗa a kan megabit 2 a sakan tana cin kusan gigabait 21.6 a rana. Katin gigabait 128 zai riƙe kwana shida kafin ya fara goge na baya. Kyamara huɗu a kan faifan terabait 2, kimanin kwana 23. In aka saita ta naɗa sai ta ga motsi, kwanakin su ninka sosai. A sayi katin da aka yi don naɗa ba tsayawa, na waya yana mutuwa da wuri saboda yawan rubutu da gogewa, kuma mutuwarsa shiru ce, sai ranar da ake neman bidiyo a tarar babu. Rauninta ɗaya: ɓarawo na iya ɓalle kyamarar ya tafi da katin. Saboda haka akwatin naɗa ya zauna a ɓoye cikin gida. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita, kuma kada a buɗe mata ƙofa a rauta don kallo daga waje, a bi ta VPN, wato kulallar hanyar da ke haɗa wayarki da gida.

Ga fitilu, soket da makullai, a nemi tambarin Zigbee, Z-Wave ko Matter. Waɗannan suna magana a cikin gida ba sai sun fita ba, kuma manhajar Home Assistant, wadda kyauta ce, tana tafiyar da su a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi. Matter ya fito a 2022, a 2023 aka shigar da firji da injin wanki cikin tsarinsa. Sai dai a kula, sau da yawa ayyukan asali kawai ke bi ta nan, na musamman suna nan a manhajar kamfanin.

Mai Firinta: Ga wanda ya riga ya saya, shawarata ya shiga saiti yau ya kashe sabuntawa ta kai-tsaye. Ta nan ake shigo da makulli.

Injiniyan Manhaja: A firinta na yarda Malam, amma kada a mayar da ita doka ga komai. Kyamara ko makullin ƙofa da ke kan intanet ba a sabunta shi, ƙofa ce a buɗe ga masu kutse. Zaɓi biyu ne: ko a bar na'ura a intanet ana sabunta ta, ko a yanke ta gaba ɗaya. Yankewar a rauta ake yi. A shiga jerin na'urorin da ke haɗe, a gano ta da lambar MAC da ke rubuce a takardar jikinta, a ba ta adireshi tsayayye, sannan a hana wannan adireshin fita waje. Za ta ci gaba da ganin wayarka a cikin gida, kamfani kuma ba zai gan ta ba. Abu biyu ne ke yawan lalacewa bayan haka. Agogonta yana kaucewa domin daga intanet take karɓar lokaci, jadawali ya rikice, sai a nuna mata rauta a matsayin mai ba da lokaci in saitin ya yarda. Wasu kuma in suka rasa sabar sai su yi ta kashe Wi-Fi suna kunnawa suna nemanta. Irin waɗannan ba sa zama a yanke, gara a share musu Wi-Fi ɗin a koma maɓallan jiki.

Baba Tsohon Makaniki: Shi ya sa maɓallan jiki su ne abin dubawa na farko a shago. A karanta littafin na'urar kafin a biya, a nemi teburin shirye-shiryen wanki, a ga ko akwai waɗanda aka sa wa alamar cewa sai ta manhaja ake samunsu. Akwai injinan wanke kwanuka da jinkirta farawa ko ɗauraya kaɗai ba sa kan allon gaba, sai an buɗe asusu. In shirin da za ka riƙa amfani da shi kullum yana cikin masu alamar, ka ajiye wannan samfurin ka tambayi na ƙasa da shi, mai abin murɗawa.